Murya a Cikin Bango

Tun asuba na bar Agege,
akwatin aiki a cinya, danfo na ta tsalle,
Wasi'u yarona na rungume da kwali
kamar wanda aka miƙa wa jinjiri.
Jiya muka sayo ta a Alaba,
lasifikar da ba ta iya waƙa ba,
gurnani kaɗai ta sani,
irin na hadari kafin ya sauke kaya.

Ebute-Metta, bene na biyu.
Zulaihatu ta buɗe ƙofa, ta sassauta murya
ko da yake babu bukata:
"Don Baba ne. Shekara talatin a ɗakin injin jirgin ruwa.
Apapa ta cinye masa kunne,
ta sallame shi da fansho da shiru."

Baba Lawandi na kan kujerarsa,
bakuna na motsi a talabijin,
bai ji ba, ya kuma daina tambaya.

Ba a farawa da guduma.
Mai gaggawar fasa bango
shi ke kwana neman siminti.
Na roƙi tsoho ya tashi,
na ɗora lasifikar a mazauninsa,
na saki kiɗa mai nauyi, na durƙusa.
Da gwiwa na zagaye falon,
kunne a gindin bango.
Wasi'u ya ce, "Oga, allura ce ta faɗi?"

A kusurwa muryar ta kumbura
kamar mai magana cikin randa.
A tsakiya ta yi ɓatan dabo.
Kusa da taga gilasai suka hau kaɗa haƙora.
Bangon gabas na haɗaka ne,
akwai mai jego a bayansa, na bar mata barcinta.
Sai can, taku uku daga kusurwa,
ƙarƙashin kalandar bara da ba wanda ya cire,
na ji ta zauna daram,
ba ƙari, ba ragi.
Na zana da fensir.

Na ƙwanƙwasa, na saurara.
Bulo ma yana da cikinsa:
wani ya haɗiye waya, wani bututun ruwa.
Wannan fanko ne. Bismillah.
Muna tsakar yanka Nefa ta yi halinta,
muka koma cizal da guduma,
ƙura ta mai da Wasi'u dattijo.

Danshin Legas ba ya sallama kafin ya shiga,
don haka na naɗe akwatin da roba,
na cusa masa auduga,
na toshe kowace kafa, ko ta tururuwa.
Ja da ja, baƙi da baƙi.
Juya su ka gani:
murya biyu za su cinye juna,
ka biya kuɗi ka sayi shiru.

Na ɗaure kusoshi, na rufe da raga,
na shafa fenti har bango ya manta an taɓa shi.

Bayan la'asar wuta ta dawo,
yaran unguwa suka yi mata ihu.
Na murɗa a hankali.
Ruwan kofi ya fara rawa a kan tebur.

Baba ya ɗago.
Ya miƙe ba sanda, ya taka,
ya ɗora tafinsa a bango
yadda ake taɓa goshin ɗa mai zazzaɓi.
Ya daɗe.
Zulaihatu ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Sai ya ce, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa:
"Wannan injin lafiyarsa ƙalau.
Ba ya tari."

Ban ƙirga kuɗin ba sai a tasha.
A hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu a Oshodi,
direba bai kashe mota ba.
Na toshe kunnuwana da yatsu,
na bar kujera ta yi mini magana.